Jan Ɗigo a Kan 'Yan Durgu

Kazar ta mutu a hanya. Da Auta ya buɗe bayan mota a ƙofar gidansa ya sauko da kwandon, sai ya tarar da ita ta miƙe ƙafa, baki a buɗe, zafin ƙarfe ya gama da ita. 'Yan tsakinta bakwai ne. Huɗu sun bi ta, uku na maƙale a gindin fiffikenta suna kuka.

Inna, mahaifiyarsa, ta matso. Ta sa hannu ta laluba kwandon, ta tsince ukun ɗaya bayan ɗaya ta zuba a haɓar zanenta, ta shiga gidan ɗanta tana dogara sanda.

Auta mai fenti ne, mai rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Ya kusa hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma da yake shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya bi shi har wurin aiki. Sati biyu kafin wannan rana uwarsa ta faɗi a banɗakin gidanta, inda take zaune ita kaɗai. Tun da hantsi take kwance a ƙasa, sai bayan la'asar wata maƙwabciya ta ji nishinta. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Ya roƙe ta ta dawo wurinsa, ta ƙi. Ya sake roƙo, ta ce to, amma da kazarta.

Kazar durgu ce, irin masu gajeren ƙafa da ke tafiya kamar suna jan ciki. Inna ta karɓi irin daga hannun mahaifiyarta tun tana yarinya, bai taɓa yankewa a hannunta ba. Bara ciwo ya shiga unguwarsu ya share kajin, ya bar mata wannan guda ɗaya.

Matar Auta ta tarye su a tsakar gida da ruwan sha. Mai ɗinki ce. Shekara ashirin da biyu da aurensu, amma Inna ta kira ta Amarya ranar farko, Amarya take kiranta har yau. Ta leƙa haɓar zanen, ta ga abin da ke ciki, ta ce, "Wayyo. Inna, sai dai a haɗa su da nawa. Su kaɗai sanyi zai kashe su."

"Kina da kaji?"

"'Yan tsaki ne, kwanansu biyar. Suna bayan kicin."

A lungun bayan kicin akwai wani babban akwati da Auta ya haɗa mata da tsofaffin alluna, har yanzu ana ganin guntayen haruffa a jikinsa ta ciki. An shimfiɗa ɓuntun katako, an rataya ƙwan lantarki ɗaya a tsakiya saboda ɗumi. Shekara biyu Amarya tana maganar kiwon nan kafin ya yiwu. Farare goma ne, na nama. Takwas masu ruwan ƙasa, na ƙwai. Sai biyu baƙaƙe da wata fingi mai murɗaɗɗen gashi, waɗanda mai sayarwa ya ɗora mata gyara.

Inna ta tsaya a kan akwatin ta saurari kukansu.

"Ina uwarsu?"

"Ba su da uwa, Inna. Inji ne ya ƙyanƙyashe su."

"Ikon Allah. Kajin da ƙwan fitila ya haifa." Ta daɗe riƙe da haɓar zanen kafin ta sunkuya ta sake su. Sannan ta juyo wajen ɗanta. "Bari in faɗa maka tun yanzu, Auta, kada gobe ka ce ban faɗa ba. In waɗannan sun rayu a gidan nan, na zauna. In sun mutu, ka nemo mini motar da ta kawo ni."

Amarya ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne. Auta bai yi ba. Ya san uwarsa ba ta maimaita magana. Ya kuma san wancan banɗakin, da santsin simintinsa, da nisan da ke tsakaninsa da kunnen maƙwabta.

Kwana uku a jere, kafin ya fita aiki, yakan tsaya a ƙofar kicin ya kalli uwarsa. Takan ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin akwatin, ta tsura masa idon da ya rage. 'Yan durgun ruwan ƙasa ne, 'yan ƙwan Amarya ma ruwan ƙasa ne, a wurinta duk hazo ɗaya ne mai motsi. Sai ta cafko ɗaya, ta shafa ƙafarsa da babban yatsa, ta yi tsaki.

"Doguwar ƙafa. Ba nawa ba ne."

Ta sake shi, ta cafko wani. Wani lokaci sai ta kama biyar kafin ta dace. Rana ta uku ya ga ta haƙura, ta ɗora hannuwa a gwiwa tana kallon bango.

A shago ranar, yana tsakiyar rubuta allon wani mai gyaran taya, tunanin ya zo masa. Shekara talatin yana wannan aiki, abu ɗaya da ba ya shakka a kai shi ne ja yana riga kowace kala isa ido. Direban da ke gudu, tsohon da ke tsallaka titi, ja suke fara gani. Bai ɗauki fentin mai ba, ya san zai ƙona fatar ɗan tsako. Ya auni garin kala ja, ya dama da ruwa da ɗan ƙaro, har ya ɗanɗana a harshe don ya tabbata ba ya da yaji. Da yamma ya zo da ƙaramin buroshinsa, wanda yake ja wa haruffa wutsiya da shi, ya ɗiga wa kowane durgu ja a tsakiyar ka, kamar ƙwayar wake.

"Inna, zo ki duba."

Ta zo tana mita. Ta sunkuya. Sai ya ga fuskarta ta saki.

"Ga ɗaya. Ga ɗaya can gindin ruwa. Kai, ga na ukun!" Ta nuna su da sanda, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ɗago ta dube shi. "Ashe dai aikin nan naka yana da amfani."

Gini ubansa ya so ya koya, ita ma haka. Tun ranar da ya bar gini ya kama buroshi, ba ta taɓa kiran sana'arsa da wani suna ba sai shafe-shafe. Ya koma ɗaki ya wanke buroshin, ya daɗe yana wanke shi bayan ya fita tas.

Sati ɗaya aka yi lafiya. Fararen suka fara nuna irinsu. Ci suke yi kamar an aiko su, in sun gaji da tsayuwa su kwanta a bakin kwanon su ci gaba daga kwance. Kafin su cika sati biyu sun ninka kowa. Masu ruwan ƙasa sirara ne, masu tsalle da leƙe-leƙe. Baƙaƙen biyu ba sa rabuwa. Fingi kuwa kullum kamar wadda aka tsamo daga ruwa aka manta ba a shanya ba. Inna ta raɗa wa babban fararen suna Buhu.

"Dube shi don Allah. Wannan kaza ce ko kaya?"

"Na nama ne, Inna, haka ake so," in ji Amarya.

"Ana so ya ci na wasu?"

Wata Talata Auta ya dawo da la'asar ya tarar da Inna zaune da durgu ɗaya a tafin hannu. An caccake masa tsakar ka har fata ta buɗe. Washegari da safe ya mutu.

"Fararen nan ne," in ji Inna. "Ina jin gudunsu. Ƙattin banza."

Ba wanda ya yi musu. Auta ya gwada ware biyun da suka rage a kwali, suka ƙi ci, suka dunƙule a kusurwa suna kuka har muryarsu ta dushe. Inna da kanta ta ce a mayar da su cikin 'yan uwa. Sai ya samo ragar waya ya raba akwatin biyu, farare a gefe guda, sauran a ɗaya gefen, ƙwan lantarki a tsakiya.

"Ka ƙara musu jan nan," in ji Inna. "Ya dushe. In ina ganinsu da kyau, ni zan kore musu."

Ya ƙara. Ya ma faɗaɗa shi, ya sa kalar ta yi kauri. Inna ta koma gadi da tsinken tsintsiya a hannu tun daga safe. Amma tsohuwa ce, in rana ta take sai barci ya ɗauke ta, Amarya ta kama ta ta kai ta ɗaki.

Ranar Juma'a da azahar aka tarar da na biyu kwance a gindin kwanon ruwa, kansa jina-jina. Ragar ta karkace daga ƙasa, Buhu kuma yana tsallaken da ba nasa ba, kwance cikin kwanon abincin ƙanana yana ci.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Saura ɗaya." Ta juya inda take jin numfashin Amarya. "Ai kaza halin mai ita take ɗauka. Wanda ya zo, a nuna masa wurin ba nasa ba ne."

Amarya ta juya. Ta shiga kicin. Abincin da ta kai ɗakin Inna da yamma haka ya dawo, an taɓa gefe ɗaya kawai. Da Auta ya leƙa, ya ga uwarsa ta ninke zannuwanta ta jera a kan jaka.

Ya sami matarsa a ɗakin ɗinki, tana taka keke da ƙarfin da aikin bai buƙata ba.

"Ki yi haƙuri da maganarta."

"Maigida, gobe ka kwashe fararen ka kai wa ƙanwata." Ba ta daina takawa ba. "Tana da wuri a bayan gidanta."

"Naki ne fa. Shekara biyu kina..."

"Na sani nawa ne. Ba na so a wayi gari a ce kajina suka kori uwarka." Zaren ya tsinke. Ta lashi bakinsa ta nemi kafar allura. "Ni dai ban taɓa nuna mata wurin nan ba nata ba ne. Allah ya sani."

Da sassafe ranar Asabar ya ɗauki babban kwali da igiya ya nufi bayan kicin. Wandon aikinsa ne a jikinsa, wanda shekaru suka yi wa yayyafin kowace kala. Ya cire ragar, ya tsallaka cikin akwatin ya tsuguna don ya kama fararen a hankali. 'Yan tsakin suka watse, sannan suka dawo suna leƙensa. Ya ji sara a gwiwa. Ya ji wani. Ya duba.

Wata mai ruwan ƙasa ce, tana saran wani jan tabo a gwiwar wandon. Kusa da shi akwai shuɗi, akwai kore, akwai rawaya mai faɗin tafin hannu, ba ta ko kalle su ba. Baƙaƙen biyu suka zo suka taya ta. Fingi ta kutsa ta tsakaninsu. Durgun da ya rage ma ya jawo gajerun ƙafafunsa ya zo ya kai nasa saran, yana yi wata mai ruwan ƙasa ta juya ta sare shi a ka. Buhu yana can bakin kwano, ko ɗagowa bai yi ba.

Auta ya cafe durgun ya sa a aljihun riga. Ya fita ya ɗauko guntun allo, ya ɗiga masa kala huɗu a jere, ya jira suka sha iska, ya ajiye a tsakiyar akwatin. Ba su ɓata lokaci ba. Ya juya allon, ja ya koma ɗaya gefen, suka bi shi.

Ya zauna a kan kujerar uwarsa. Ɗan tsakon na motsi a ƙirjinsa.

Abin da ya fara yi, bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya jiƙa auduga ya goge kalar. Ta fita da sauƙi, shi ya haɗa ta don ta fita da sauƙi. Amma a ƙarƙashinta fata ta riga ta tsage, ja ce ita ma, kuma wannan ba ya goguwa.

Sai lissafin ya zo masa, a tsare, kamar wani ne ya rubuta masa a allo. Ba wanda ya gani. Ba wanda zai tambaya. Zai kai fararen, ya ɓoye durgun a kwali kwana uku har ciwon ya bushe, ya ce kala ta ƙare a shago. Saran zai tsaya, Inna ta ce ai na faɗa, ta kwance jakarta. Fararen ko a nan ko a can, nan da wata guda wuƙa ce makomarsu. Amarya da bakinta ta ce a kai su. Ko ƙarya ɗaya babba ba zai yi ba, shiru kawai zai yi. In kuwa ya faɗa, wa ya san abin da tsohuwar za ta yi? Tana iya cewa gidan da ɗanta na cikinta ya kashe mata kaji da hannunsa ba wurin zama ba ne. Ashe shirun ma don ita ne.

Ya juya wannan ta kowane gefe, yana neman inda ta fashe, kamar yadda yake duba allo kafin ya shafa masa farar ƙasa. Abin da ya dame shi, duk hujjojin gaskiya ne. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai wata ƙarama da ba ya so ya kalla: kalma takwas da ta faɗa masa ranar da ya ɗiga jan, waɗanda ya jira shekara talatin. Ya rasa gane ko uwarsa yake karewa ko su.

Ya tashi ya kama fararen goma ya zuba a kwali, ya huda masa ramuka, ya ɗaure. Ya ɗauka ya ratsa tsakar gida. Har ya kai ƙofa.

"Tsaya," in ji Amarya.

Ta fito da ragowar buhun abincinsu da kwanon ruwan, ta ajiye a gabansa. Idonta ya kumbura, amma muryarta daidai take.

"Ka ce mata kada ta cika musu kwano da rana, zafi na kama su. Kuma ɗaya yana ɗingishi, ta riƙa ajiye shi kusa da ruwa. Ka riƙe kwalin a cinya, kada ka bari a sa su a bayan mota." Ta sunkuya ta leƙa ta ɗaya daga ramukan, ta sa yatsa. "Ku yi haƙuri, kun ji. Ba ku san kun yi ba."

Auta ya sauke kwalin a ƙasa.

"Kira mini Inna."

"Me ya faru?"

"Kira ta dai. Ku same ni a baya."

Inna ta zo tana dogara sanda, Amarya na biye da ita taku biyu a baya, ba ta kama ta ba. Ya zaunar da uwarsa a kujera, ya ɗauko allon ya kai shi kusa da idonta mai gani.

"Me kika gani?"

"Ja. Da wasu duhu-duhu. Wasa ka kira ni?"

Ya ajiye allon a cikin akwatin, inda babu fari ko ɗaya yanzu. Ƙananan suka yi caa a kan jan, ƙarar bakunansu a kan katako kamar ana yayyafi a kwano. Inna ta karkata kai. Jan da take gani ya ɓace a ƙarƙashin hazo mai motsi.

"Fararen suna ƙofar gida a ɗaure," in ji Auta. "Ba su ba ne, Inna. Jan da na ɗiga ne. Duk wanda ya gan shi sai ya sara. Ni na kashe miki su."

Can wani gida ana daka wani abu, ana tsayawa, ana ci gaba.

Amarya ce ta fara magana. "Tun yaushe ka sani?"

"Ɗazu. Da na shiga kama su."

"Kafin ka ɗaure su?"

"Kafin."

"Ka sani, ka ɗaure su, ka kai su har ƙofa. Ka tsaya ina ba ka saƙo."

"Na kai."

Ta dube shi kamar tana auna shi da tef, daga sama har ƙasa. Ya fi son ta yi faɗa. Ba ta yi ba.

Inna ta miƙa hannu. "Ba ni shi."

Ya ciro durgun daga aljihu ya ɗora mata. Ta shafa kansa da ɗan yatsa, a hankali, ta tsaya a kan ciwon.

"Na farko kai ka sa," ta ce. "Na biyu ni na ce ka ƙara." Ta sake shafa wurin. "Shekara sittin ina kiwon kaji. Na san kaza ba ta ganin jini ta wuce. Tun ina goye da yayarka na san wannan. Daɗin ganinsu ne ya sa ban tuna ba." Ta goge idonta da bayan hannu, mai ganin da marar ganin. "Amarya."

"Na'am, Inna."

"Je ki kwance wa waɗancan igiya kafin su shaƙe. In kin dawo ki zo nan kusa. Na yaɓa miki magana jiya, ba taki ba ce."

"Ba komai, Inna."

"Da komai. Ni na faɗa, na san nauyinta." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma, malam mai dabara, kankaro mini baƙin tukunya."

"Inna, da gas muke girki. Tukwanen ba su da baƙi."

"Wane irin gida ne wannan, ko baƙin tukunya babu?"

Amarya ta dawo da kwalin ta saki fararen, ta shiga ɗakin ɗinki ta fito da gawayin da take zuba wa dutsen guga in an ɗauke wuta. Ta daka shi ya yi laushi, ta ɗiga mai kamar yadda Inna ta ce, ta kawo a murfin kwalba. Inna ta lakata ta shafe kan durgun har ya koma baƙi ƙirin. Ta riƙe shi ɗan lokaci a gaban idonta.

"Shi ke nan, na daina ganinka," ta ce masa. Ta sake shi cikin akwatin. Wata mai ruwan ƙasa ta zo ta leƙa kansa, ta karkata wuya, ta wuce abinta.

Kwana huɗu Amarya ba ta yi wa mijinta magana ba sai ta dole. Rana ta biyar ta ce masa, tana yanka yadi, ba ta ɗago ba, "Da ban fito da buhun nan ba fa?" Ya ce bai sani ba. Ta ce gara da bai ce zai dawo ba, da ta san ƙarya yake. Tambayar ta zauna masa. Yakan tuna ta a shago, buroshi a hannu, kuma har yau bai sami amsar da ta fi wadda ya bayar ba.

Jakar Inna ta ci gaba da zama a ɗaure a gefen gado. Ciwon ya bushe, gashi ya rufe shi. Ta koyi neman durgunta da kunne. Takan tsuke baki ta yi wani ɗan sauti, ta buɗe tafin hannu da tsakin hatsi a ciki, duk su taho, ta bi su da yatsu har ta same shi. A haka ta san sauran ma. Ta ce baƙaƙen nan biyu munafukai ne, fingi kuma ta fi kowa hankali. Da lokacin fararen ya yi aka yanka su, ta ci cinyar Buhu ta ce Allah ya jiƙansa, an zalunce shi da rai.

Auta ya rushe akwatin ya yi musu keji mai faɗi a jikin katanga. Wata safiya, durgun na da wata biyu da rabi, yana ɗaure takalmi zai fita sai ya ji wani kuka daga baya, kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Ya zagaya. Inna da Amarya na tsaye a bakin kejin. Durgun ya hau kan bulo, ya miƙe wuya iya tsawonsa, wanda ba shi da yawa, ya sake gwadawa.

"Zakara ne," in ji Amarya.

"Na daɗe da sani, na ji zankonsa," in ji Inna. "Ina dai fata hannuna ne ya yi ƙarya."

Auta ya dubi uwarsa. Zakara ba ya ƙwai. Ya rayu, amma irin da ta riƙe shekara sittin ya tsaya a kansa. Bai san yadda uwarsa za ta lissafa wannan ba, rayuwa ko mutuwa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ɗaure yana jira.

Inna ta daɗe tana sauraren kejin.

"Amarya, 'yan matan nan naki takwas. Ki ba shi biyu."

"Ai duk nasa ne, Inna, wa zai hana shi? Sai dai irin waɗannan ba sa kwanci. Su zuba ƙwai su tashi, shi ke nan."

"'Ya'yan fitila, ina za su iya. Fingi za ta kwanta. Na taɓa ƙirjinta, uwa ce."

"To abin da aka ƙyanƙyashe na wa?"

"Ji mini mata. Zakarana ne."

"Kajina ne. Kuma sai nan da wata uku za su fara, ko huɗu."

"Sai a raba in sun zo." Ta juya, ta laluba da sanda har ta taɓa ƙafar ɗanta. "Kai, kana nan tsaye? In ka taso yau ka zo da igiya mai kauri. Ka ɗaura mini daga ƙofar ɗakina zuwa nan, daidai ƙugu. Damina na tafe, ƙasar nan za ta yi santsi, ni kuma ba zan zauna kullum ina jiran wani ya kama hannuna ba."

Ya ce to. Ya sunkuya ya ɗaure ɗaya takalmin, sannan ya koma ya auna tazarar da ƙafa, daga ƙofarta zuwa kejin. Taku goma sha tara ne, da kwana ɗaya a gindin famfo, inda zai buƙaci kafa turke.